Mutum Tara a Talkabak

Baba Kudrat maƙwabcinmu ne a unguwar Longsight ta birnin Manchester, tsoho ɗan Iran mai faɗan tsiya. Idan na ajiye mota a karkace sai ya fito da sanda yana nuna taya. Amma shi ne ya kai matata Yusra asibiti ranar da naƙuda ta kama ta ina wurin aiki, don haka ko ya zage ni, ni dai sai godiya.

Da ciwo ya kwantar da shi, likitoci suka ce saura makonni. Ya kira ni ya ce yana da ƙanwa, Mahtab, a ƙauyensu Talkabak. Shekara arba'in da ɗaya ke nan da ya baro ta da jinyar mahaifiyarsu, bai koma ba ko da aka yi rasuwa, kunya kuma ta hana shi aika saƙo. Yana so ta yafe masa kafin ya tafi.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne, na zaro waya. Taswira ta ce ba ta san garin ba. Da ƙyar na samo layi biyu a wani shafi: ƙauye ne a cikin duwatsu, gida goma sha biyar, mutum sittin da uku, ƙidayar ma ta tsufa. Ba lamba, ba sunan kowa.

Yusra ce ta yi mini dariya, wai injiniya guda ya manta da cigiya. Ranar Juma'a na tashi bayan sallah na yi cigiya kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Wani ya tura ni wurin wani a unguwar Rusholme, shi kuma ya ce akwai mai gasa gurasa a unguwar Small Heath ta Birmingham, Husrau, mutumin yankin su Baba ne. Na kama hanyar Birmingham.

Husrau ya saurare ni hannunsa duk gari. Ya ce ɗan kawunsa ne ke jan motar da take bin hanyar ƙauyen sau ɗaya a mako, sai dai sittin da ukun nan labari ne, yanzu mutum tara suka rage, duk tsofaffi. Na fara tunanin ko Mahtab tana cikinsu. Na dawo gida ban gaya wa Baba lissafin ba.

Ranar Talata da hantsi Husrau ya rufe shagonsa ya zo Manchester da kansa, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai. Muna zaune gefen gadon Baba wayar Husrau ta yi ƙara. Direban nan ne ɗan kawunsa, a tsakiyar ƙauyen. Sai ga fuskar wata tsohuwa ta cika allon, ta matso har hancinta kawai muke gani.

Baba ya fara magana, kuka ya ci ƙarfinsa. Ta katse shi da faɗa, murya irin tasa sak, har na so yin dariya. Na taɓa Husrau na ce, "Ɗan'uwa, me take cewa?"

Ya goge idonsa da bayan hannu. "Ta ce ta yafe tun tuni. 'Ya'yanta sun yi ta fama ta koma birni, ta ƙi. Wai idan ta tashi, ranar da saƙonsa ya zo, wa zai tarar a gidan?"