Jakar da Ta Koma Ɗaki

Shekara uku Zakiru yana tuƙa Arumugam, kuma babu safiyar da Bahindiyen bai tare shi da tambaya ɗaya ba: yau ƙarfe nawa rana ta fito? Zakiru direba ne a wani kamfanin gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Madina, ɗan Damagaram, mai aiki da zuciya ɗaya amma mai gajen haƙuri. Arumugam shi ne makanikin, siririn dattijo daga kudancin Indiya, mai gashin baki kamar tsintsiyar laushi. Da farko Zakiru ya ɗauka mutumin sha'awar Musulunci yake yi, har yakan buɗe masa lokutan salla a waya yana nuna masa da murna. Sai daga baya ya gane abin da ake yi da amsarsa.

Arumugam yakan ɗauki yini tun daga fitowar rana har faɗuwarta, ya yanka shi gida takwas, ya ware kaso ɗaya ya ce wannan na Rahu ne. Rahu Kalam yake kiransa. A cikinsa ba a fara tafiya, ba a kunna sabuwar na'ura, ba a ƙulla komai. Abin da aka riga aka fara, a ci gaba da shi, sabo ne ba a taɓawa. Kason kuma ba ya zama wuri guda, kowace ranar mako da inda yake faɗawa, kuma da ranar garin da kake ciki ake auna shi, ba ta garinku ba. Ashe da bakinsa Zakiru yake ɗaure kansa kullum safiya.

Ya yi faɗa, ya yi wa'azi, ya ce camfi ne, sa'a da rana duk na Allah ne. Arumugam sai ya kaɗa kai irin nasu, wanda ba ka sanin i ne ko a'a, ya ce da Larabcin leburori, "Shuwayya, sadik." Wato aboki, a yi sannu. Da yake hannunsa na da kyau a aiki, mudirin kamfanin, wato manajansu, bai taɓa cewa uffan ba. Zakiru ne dai yake shan zaman mota yana cizon yatsa.

Ranar wata Alhamis ta lokacin sanyi, kafin asuba, Baba Abdulmajid ya rasu. Shi haifaffen Madina ne, kakansa ne ya zo aikin hajji a ƙafa daga Haɗeja ya zauna. Lokacin da Zakiru ya sauka garin bai san kowa ba, tsohon nan ne ya ji Hausarsa a ƙofar masallaci a Azizya, ya ja shi gida ya sa masa tuwo, tun daga nan kuma bai ƙara cin abincin Juma'a shi kaɗai ba. Za a yi masa salla a Harami bayan la'asar, a kai shi maƙabartar Baƙi'a. Zakiru bai samu jana'izar mahaifinsa ba, yana nan aka binne shi a Damagaram, a waya ya ji. Don haka ya ƙudurta a ransa cewa wannan makarar sai ya sa mata kafaɗa, ko da aikin zai tafi.

Sai kuma ya zama a ranar ce Arumugam zai bar Saudiyya gaba ɗaya, zai je aurar da 'yarsa. Mudir ya danƙa wa Zakiru fasfon Arumugam tun jiya, da sharaɗin kada ya miƙa masa sai a ƙofar filin jirgi. Lissafin Zakiru mai sauƙi ne: ya ɗauko shi bayan azahar daga gidan ma'aikata da ke can bayan gari, ya sauke shi, ya juyo Harami da sauran lokaci. Bai kuma yi niyyar gaya masa rasuwar ba, don ya san halinsa. Mutumin da ke tsoron sa'a, in ya ji labarin mutuwa ranar tafiya, sai ya ce a ɗaga har wani mako.

Hidimar gidan rasuwa ta riƙe shi, bai iso ba sai da azahar ta gota. Zai fita daga mota idonsa ya faɗa kan wata ƙaramar jaka shuɗiya a bayan kujera, wadda Arumugam ya jefa jiya da safe. Zakiru ya yi tsaki, ya ce tsufa ya fara kama mutumin nan. Ya sungumi jakar, ya shiga ɗakin, ya dire ta a tsakiya.

"Ga jakarka, ka manta a mota. Yalla, mu tafi."

Arumugam yana zaune kan akwatinsa, ya sha farar riga, da toka a goshi. Ya dubi jakar, ya dubi ƙofa, ya ɗora hannu biyu a ka. Da ƙyar Zakiru ya tsinci bayanin daga cikin Larabcin da ya kakkarye. Ba mantuwa ba ce. Arumugam ya san Rahu na Alhamis bayan azahar yake faɗawa, ya kuma san direbansa da yawan yin latti, shi ya sa ya yi dabarar garinsu. Can in tafiya za ta faɗa a mugun lokaci, sai a fitar da kaya ɗaya tun da wuri a sa'a mai kyau, a ajiye gidan maƙwabci. Da haka tafiya ta riga ta fara, mai ita sai ya fita duk lokacin da ya ga dama. Motar Zakiru ce gidan maƙwabcin. Yanzu jaka ta tsallako ƙofa ta dawo ɗaki, tafiyar jiya ta ƙare ke nan, sabuwa kuma ba ta farawa sai ƙarfe uku.

Ƙarfe uku ya ishi Arumugam kama jirginsa. Zakiru ne bai isa ba, kafin ya je filin jirgi ya dawo an daɗe da watsewa daga Baƙi'a.

Ransa ya ɓaci, ya ɗauki jakar zai mayar mota, Arumugam ya yi tsalle ya tare ƙofa, wai fitar da ita yanzu ya fi komai muni. Zakiru ya ce to a yi kamar bai shigo da ita ba, ai ba wanda ya gani. Arumugam ya nuna sama da yatsa. Zakiru ya ce zai goya shi har mota, ƙafarsa ba za ta taɓa ƙasa ba, sai a ce sace shi aka yi, ba shi ya fara tafiyar ba. Dattijon ya yi ɗan tunani, abin da ya ƙara ƙona wa Zakiru rai, sannan ya kaɗa kai ya ce ba a yi wa Rahu wayo sau biyu. Zakiru ya kira mudir, mudir ya ce jirgi ai sai yamma, gaggawar me yake yi, ya kashe. Ya yi tunanin jefa masa fasfon ya tafi abinsa, sai ya tuna ko motar haya ba ta bi ta wannan jejin, mutumin zai rasa jirgi ya rasa bikin 'yarsa.

Ya zauna a bakin gado yana huci. Arumugam ya zuba masa shayi daga fulas, ya miƙo da hannu biyu, ya ce, "Shuwayya, sadik."

Daidai nan wayar Zakiru ta yi ƙara. Haisam ne, ɗan marigayin, wanda yake jin Hausa amma ba ya mayarwa sai da Larabci. Ya tambaye shi yana ina, an gama wanka, motar gawa ta kama hanyar Harami. Zakiru ya ce ga shi nan zuwa, ya ajiye wayar, sai abin da ya danne tun asuba ya ƙwace masa.

"Ka san wa za a binne yau? Baba Abdulmajid. Ubana na fari ban kai shi ba, na biyun ma ga shi zan rasa saboda jaka."

Arumugam ya ajiye kofin. Ya san tsohon. Wata bazara da zafi ya kusa kashe shi, Arumugam ne ya hau bango da tsakar rana ya tayar masa da na'urar ɗakinsa. Tun daga lokacin duk azumi sai an ƙullo kunun gyaɗa da ƙosai kashi biyu, tsohon ya ce ɗaya na Bahindiyen nan ne, ko ba ya azumi ai yana jin yunwa.

Arumugam ya dubi agogonsa, ya daɗe yana dubansa. Rahu ko rabi bai yi ba. Sannan ya tashi ya rataya jakar shuɗiya, ya ja akwati har bakin ƙofa ya tsaya. Leɓunansa suka motsa da wata addu'a ta yarensu, ya rufe ido, ya fitar da ƙafar dama.

A hanya abin mamaki ya faru, kuma Zakiru ya fi kowa jin haushinsa. Shi da aka sani da gudu, wanda kyamarorin titi suka san lambar motarsa, sai ga shi yana tuƙi kamar ya ɗauko ƙwai. Bai yarda da Rahu ba ko na ƙwayar zarra, ya faɗa wa kansa haka ya fi sau goma. Amma in taya ta fashe fa, ko wata babbar mota ta kauce, me zai ce wa yarinyar da ke jiran ubanta? Mutumin ya ɗauki abin da ya fi tsoro a duniya ya ɗora masa a hannu. Motoci suna ta wuce su suna danna masa oda, Arumugam kuwa ya riƙe ƙarfen ƙofa da hannu biyu, idonsa a rufe gam.

"Yalla, sadik," in ji shi, bai buɗe idon ba. "Ka yi gudu. Za ka makara."

Zakiru ya yi tsaki, ya taka mai.

A ƙofar filin jirgi ya miƙa masa fasfo, suka rungumi juna a gurguje. Arumugam ya riƙe masa hannun riga. Ya taɓa jin Zakiru yana cewa akan zuba wa mamaci ƙasa da hannu, kuma ya san wanda ba Musulmi ba irinsa ba ya shiga inda za a kai tsohon. Ya roƙi a zuba ɗaya tasa.

Zakiru ya yar da motar nesa da Harami, inda ya san tara na jiransa, ya zuba da gudu. A farfajiya ya samu raka'ar ƙarshe ta la'asar, ya rama sauran yana haki, ana sallamewa aka kira sallar mamata. Daga nan ya kutsa cikin jama'a har ƙofar Baƙi'a, ya hango Haisam a gaban makara ta uku. Yaron ya matsa masa, Zakiru ya sa kafaɗarsa. Tsohon ba shi da nauyi ko kaɗan, abin da ya sa shi kuka ke nan.

A bakin kabari ya durƙusa ya ɗebi ƙasa ya zuba, sau uku kamar kowa. Sai ya sake cika hannunsa. Wani dattijo da ke bayansa yana jiran layi ya taɓa shi, ya ce uku ake yi, ya hajji.

"Na sani," in ji Zakiru. "Wannan ta wani ce, ba ya iya shigowa."

Ya buɗe hannun.