Sunan da Ba Na Faɗa

A garinmu mace ba ta kama sunan mijinta, an ce kwanansa take ragewa. Ni kuwa mijina yana birnin Surat yana aikin saƙa, kuma kafin ya tafi ya bar mini waya mai jin magana. Karatuna bai yi nisa ba, don haka ƙanwarsa Phulwa ce take kira mini shi. Sai ta zauna a gefena tana ɓare wake, kunnenta a miƙe.

"Bhabhi, matar yayana, ɗaga murya mana! Ko yayan nawa kurma ne?"

Duk abin da na faɗa, kafin la'asar ya kai bakin rijiya. Ga shi ina da labarin da nake so ya riga kowa ji: ina da ciki.

Ran nan na kai wa ɓaunar da muke kiwo ciyawa, wayar a ƙulle a bakin mayafina. Na tsuguna bayan tulin busasshen kashin shanu, na danna inda Phulwa take dannawa.

"Kira shi," na ce a hankali.

"Wa zan kira?" in ji wata murya mai taushi daga cikin wayar.

"Shi mana. Yayan Phulwa."

"Ban san yayan Phulwa ba. Mene ne sunansa?"

Na ja mayafi na rufe fuska, kamar tana ganina. Anya wannan ba ta da miji ne? Ko a garinsu ana faɗa?

"Ba na faɗa. Ba kyau."

Na jira dariya. Ba ta yi ba.

"To, ni zan karanto sunayen da ke cikin wayar. In na zo kansa, ki ce e."

Ta fara. Mai taki, mai gyaran famfo, kawuna na Gaya. Ina mamakin yadda ba ta gajiya. Da ta ce Dhaniram, kunnena ya yi zafi.

"E."

"Me kike so mu riƙa kiransa, ni da ke?"

Ban taɓa kiransa komai ba. In ina son ya waiwayo, awarwarona nake kaɗawa. Na tuna giɓin haƙoransa in yana dariya.

"Mai wushirya."

Wayar ta yi ƙara, ga ƙugin injinan saƙa, ga muryarsa.

"Phulwa, me kuma kike so a sayo miki?"

"Ba Phulwa ba ce."

"Ke ce? Wa ya kira miki?"

"Ni da kaina. Fito waje, inda za ka ji ni sosai."