Bayanin Bai Isa Ba

Ƙaryar da Manjo Munzali ya yi ba shirya ta ya yi ba, suɓuce masa ta yi. Ranar wata Litinin da safe, an tashi daga fareti a barikin Minna, kwamandansu Kanar Gimba zai shiga mota, sai ya tsaya da ƙafa ɗaya a ciki ya ce, "Munzali, yaya jarrabawar Abuja?"

Munzali ya ƙame, ya sara, bakinsa ya ce, "An yi nasara, Yallaɓai."

Shekara ashirin da ɗaya mutumin nan yana cikin kaki, kuma duk ran da na gaba ya tambaye shi yaya abu kaza, amsar ke nan. Ko mota ta kafe a laka, ko abincin yaransa sojoji bai iso ba, an yi nasara, Yallaɓai, daga baya a san yadda za a yi. To, ranar ma harshe ya riga hankali. Kanar ya yi murmushi, ya ce madalla, mota ta tashi, ta bar Munzali tsaye da hannu a goshi.

Gaskiyar magana ita ce ba a yi nasarar komai ba. Jarrabawar ta shiga makarantar koyon kasuwanci ce, a kwamfuta ake yin ta, kana gamawa makinka ya fito a gabanka, ba wanda za ka kai wa kuka. Makarantar da yake nema ɗari shida da hamsin take so. Karon farko ya sami ɗari biyar da arba'in. Ya dawo ya yi wata uku yana karatu, har ya daina zuwa hirar yamma, ya koma karo na biyu ya sami ɗari biyar da talatin. Wato baya ma ya ci.

Saura mako biyar makarantar ta rufe karɓar takardu, kuma bana ce shekara ta ƙarshe da zai iya samun hutun karatu kafin lokacin ritayarsa ya matso. Akwai damar sake zama sau ɗaya. Amma soja ba ya fita gari sai da fas, wato takardar izini, a fas kuwa sai an rubuta dalili, kuma mai sa hannu shi ne Kanar Gimba. Ko dai ya je ya ce wa Kanar ƙarya na yi maka, ko kuwa ya haƙura da makarantar har abada.

Kamar abin bai ishe shi ba, ranar Laraba Kanar ya miƙe a mes, ɗakin cin abincin hafsoshi, ya yi shela cewa yaransa biyu sun fitar da shi kunya a jarrabawar Abuja, Manjo Munzali da Kyaftin Shekwolo. Aka yi ta tafi. Shekwolo shi da gaske ya ci, zama ɗaya ya kwashi ɗari bakwai. Kuma mota ɗaya suka dawo da Munzali daga Abuja, ya ga yadda mutumin ya yi gum tun daga Suleja har ƙofar bariki. Don haka Shekwolo ma ya tafa, amma ƙasa yake kallo. Wannan kallon ƙasan ya fi komai yi wa Munzali ciwo, ya ji kamar ya nutse.

A gida dai bai iya ɓoyewa ba. Azumi, matarsa, ta ga tuwo yana komawa kicin yadda ya fito kwana uku a jere, ta tsare shi har ya faɗa mata. Ba ta yi masa faɗa ba, ai da ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Baban Mubina, ka je wajen yaron nan Shekwolo ya duba maka inda kake kuskure."

"Yaron da ni na koya masa riƙe bindiga?"

"To shi ya koya maka riƙe biro mana. Durƙusa wa wada ai ba gajiyawa ba ne."

Ya ce ba ta san aikin soja ba. Ta ce ita dai ta san girman kai rawanin tsiya ne, ta kwashe kwanukanta ta fita.

Ranar Asabar da hantsi ya sa farar shadda, ya ɗauki takardun gwajin da ya yi ta yi a gida, ya kama hanyar Paiko. Can ne garin su Shekwolo, kuma duk ƙarshen mako in ba ya bakin aiki yana gonar doyar babansa. Sau biyu Munzali ya rage gudu zai juya. Na biyun har ya tsaya ya sayi rake don dai ya sami dalilin tsayawa.

Ya tarar da Shekwolo da gajeren wando, laka har gwiwa. Yaron ya yar da fartanya ya ƙame, haka nan ba riga.

"Sauke hannunka," in ji Munzali. "Yau ba oganka ne ya zo ba." Ya ɗaga takardun da ke hannunsa. "Ban ci ba."

"Na sani, Oga."

"Na san ka sani."

Suka zauna a gindin wani mangwaro. Shekwolo Bagware ne, Hausarsa ta kasuwar Minna ce, ba ta raba mace da namiji, kuma a bariki Munzali ya sha yi masa tsiya a kan haka. Yau kuwa ko gyaran harafi ɗaya bai yi masa ba. Ya miƙa takardun da hannu biyu kamar mai kai ƙara.

Shekwolo ya ɗauki kusan awa yana dubawa. Turanci lafiya lau, lissafi ma ba laifi. Sai ya zo wani kashi ya tsaya, ya koma baya, ya fara ƙirgawa da yatsa. A wannan kashin ba amsar lissafi ake nema ba. Za a yi maka tambaya, a ba ka bayani biyu, kai kuma ka faɗi ko bayanin farko ya isa a gano amsa, ko na biyu, ko sai an haɗa su. Zaɓi na ƙarshe shi ne a ce duka biyun ko an haɗa ba su isa ba.

"Oga, irin wannan tambaya ka yi guda tamanin da huɗu. Ka san sau nawa ka zaɓi na karshe?"

"Sau nawa?"

"Ko ɗaya."

Munzali ya ce to ai ba a samu wadda ta dace ba ne. Shekwolo ya ce a cikin tamanin da huɗun nan, goma sha tara amsarsu ke nan, kuma duka goma sha taran ya faɗi. Munzali ya karɓi takardar ya duba, ya fara gardama cewa in aka yi dogon tunani ai ana iya fitar da amsa daga kowacce.

Shekwolo bai ja da shi ba. Ya miƙe ya nuna gonar da hannu, ya gyara murya irin ta filin fareti.

"Manjo, kunya nawa ne a gonan nan?"

Kunyar da ke ƙirjinsa dai ɗaya ce kuma ta cika shi, amma Munzali ya gane kunyar doya ake nufi. Kallo ɗaya ya yi wa gonar, ya ƙirga layi, ya ninka.

"Ɗari huɗu da tamanin."

"Oga, gonan ya wuce bayan dutsen can. Rabinsa ma ba ka gani ba."

Munzali ya kalli dutsen. Tun zuwansa yake ganin kunyoyin sun sha kwana sun ɓace a bayansa, ya gani sarai, amma da aka tambaye shi sai ya kawo lamba.

Nan ne ya tuna. Shekararsa ta farko a makarantar horon hafsoshi, wani malami ya shimfiɗa taswira ya tambaye shi abokan gaba nawa ne a bayan wani tudu. Munzali, yana ɗan shekara ashirin, ya ce bayanin da aka ba shi bai isa ya sani ba. Malamin ya sa shi tsallen kwaɗo ya zagaye fili sau uku da taswirar a ka, yana biye da shi yana cewa hafsa ba ya cewa bayani bai isa ba, wanda ya faɗi haka shi ne bai isa ba. Daga ranar kalmar ta fita daga bakinsa. Kuma wallahi wannan ɗabi'ar ta yi masa rana, domin a daji in yara talatin sun zuba maka ido, gara ka yanke hukunci ko da rabin labari da ka tsaya kana ban sani ba. Shi kansa ya koya wa na ƙasa da shi haka, har da wannan mai laka a gwiwa.

"Kai ba a sa ka tsallen kwaɗon ba ne?" ya tambaya.

"An sa ni, Oga. Kai ma ka sa ni." Shekwolo ya yi 'yar dariya ya haɗiye ta. "Amma kwamfuta ba shi da igiya a kafaɗa. Ba na jin tsoronsa."

Munzali bai yi dariya ba. Kunya ce ta lulluɓe shi, sabuwa fil, wadda ta fi ta faɗuwa jarrabawa. Ashe ba lissafi ne ya kayar da shi ba. Abin da ya kayar da shi a Abuja sau biyu shi ne dai ya buɗe masa baki a gaban motar Kanar.

Suka yi tambaya ashirin kafin azahar. A ta shida ya ga amsar ƙuru-ƙuru, zaɓi na ƙarshe ce, amma ya riƙe biro a sama kusan minti biyu yana neman wata mafita, gumi yana bin wuyan shaddarsa. Da ƙyar ya zagaye ta. Shekwolo ya ce daidai ne. Da zai tafi, tsohuwar Shekwolo ta sa aka loda masa doya biyar a bayan mota, tana ta godiya wai ogan ɗanta ya tako har gona. Ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Ranar Lahadi ya cike takardar fas. Wurin dalili ya fara rubuta ziyarar ɗan'uwa, domin yana da ƙane a Abuja da gaske, kuma ba wanda zai bincika. Ya zauna yana kallon rubutun. In ya ci, shi ke nan, magana ta mutu, Kanar ba zai taɓa sani ba. Shaiɗan ya yi masa huɗuba mai daɗi ƙwarai, har ya ninke takardar ya sa a aljihu. Bayan la'asar ya ciro ta ya yayyaga, ya ɗauki wata.

Litinin ƙarfe goma ya shiga ofishin Kanar Gimba, ya sara, ya ajiye takardar a kan tebur. Kanar ya sa tabarau ya karanta. Da ya kai wurin dalili ya ɗago kai.

"Sake zaman jarrabawa? Wace jarrabawar?"

"Ta Abuja, Yallaɓai. Ban ci ba. Makina bai isa ba." Ya ƙara ƙamewa. "Abin da na faɗa maka ranar ƙarya ne."

Kanar ya cire tabarau. Munzali ya shirya wa tsawa, har yana fatanta, don tsawa abu ne da soja ya san yadda ake ɗauka. Ba ta zo ba. Fanka tana ta juyawa a sama, a waje wani saje yana ba kurata umarni.

"Na miƙe a gaban hafsoshina na yi shela," in ji Kanar a hankali.

"Haka ne, Yallaɓai."

"Mako guda ka bar ni da ita."

"Haka ne, Yallaɓai."

Kanar ya jawo fas ɗin ya sa hannu, ya tura masa. Sannan ya buɗe durowa ya fito da wata takarda mai shafi biyu, an buga ta tsaf da tambarin runduna a sama.

"Makarantar taku ta ce tana son wasiƙar shaida daga wanda kake aiki a ƙarƙashinsa. Ranar Juma'a na gama taka. Ban ba magatakarda ba, da kaina na rubuta." Ya mayar da tabarau, ya bi shafi na biyu da yatsa har ya tsaya a wani layi, ya karanta da Turanci. Ma'anarsa ita ce: a shekara shida da na yi da wannan hafsa, bai taɓa kawo mini rahoton da na sake bincikawa ba.

Ya ɗauki jan biro ya ja layi a kai, sau ɗaya, ba da fushi ba.

"Sauran duk gaskiya ne, zan bar su. Kai wa magatakarda ya sake bugawa."

Munzali ya karɓa. Ya sara, ya juya, ya fita.

Ofishin magatakarda ƙofa uku ne kawai daga nan. Wani kofur ne a wurin, ya miƙe ya sara, ya karɓi takardar ya buɗe, idonsa ya sauka a kan jan layin. Ya karanta, ya ɗago ya kalli Manjo.

"Oga, wannan layin cire shi zan yi gaba ɗaya?"

"Cire shi," in ji Munzali.

Ya tsaya a gaban teburin, fas a hannu, har kofur ɗin ya gama bugawa.