Kwat ɗin Aro

"Matso da wayar nan, idona ba ya kaiwa," in ji Mama Lauya.

Dotun ya gyara durƙuso a gefen katifar. Tsohuwar ta rame har zobenta ya koma babban yatsa. Ta daɗe tana aikin lauya a kamfanonin Legas, da ta yi ritaya sai barandar gidan hayarsu a Yaba ta zama ofis. Teloli, mawaƙa, samari masu ƙera manhaja, kowa ya kawo yarjejeniyar da aka ce ya sa wa hannu, ta warware masa da Yarbanci, kyauta. Shi kuwa Dotun, da bango kawai ya raba ɗakinsa da nata, sai ya naɗi maganarta a ɓoye, ya haddace, ya zura kwat ɗin aro ya maimaita a intanet. Dubban mutane ke bin sa, ko sau ɗaya bai ambace ta ba.

Ta kalli bidiyon har ƙarshe.

"Kwat ɗin ya yi maka yawa," ta ce. "Amma ka iya. Har gyaran muryar da nake yi kafin in ce haƙƙin mallaka ka sace."

"Mama, dama ina shirin..."

"Rufe mini baki, ja'iri. Ba kotu zan kai ka ba, da wace ƙafar? Me na koya muku a kan aikin wani?"

"A faɗi mai shi."

"To, faɗi. Ina so in gani da idona."

Ya ce gobe. Da goben ta zo, wani kamfani ya gayyace shi jawabi, tsoron tonon asiri ya kama shi. Ya koma bin ƙofar baya don kada ya wuce ta tagarta.

Ran Talata da hantsi ya ji kukan Bisola, 'yarta. Kafin la'asar an kafa rumfar makoki, 'yan kasuwa sun cika layin. Wata mai rini ta cafke hannunsa.

"Kai ne lauyan waya? Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ita da bakinta ta ce in ta tafi mu riƙa sauraronka."

Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya shige ɗaki, ya buɗe wayar, ya rubuta: "Duk abin da kuka ji daga bakina, na..." Sai ya tsaya. Bai san sunanta ba. Tun zuwansa gidan, Mama Lauya ce kawai.

Ya fito bakin ƙofar gida, inda aka liƙa sanarwar rasuwar, ko bushewa ba ta yi ba. Ya tsaya yana kwafa a hankali, Morenike Abeni Olatunbosun, masu sauke kujeru suna ce masa ya matsa gefe.