Ƙanzon Burodi

Tun daga bakin titi ana hango rufin kicin ɗin Malama Barakatu ya yi fari, kamar an shanya auduga. Burodi ne. An yayyanka shi sirara, an jera a kan kwano rana tana gasa shi, tsohuwar kuma tana ƙasa da doguwar gora tana korar tsuntsaye.

A haka autanta Halilu ya same ta. Shi ke da gidan burodin da ke bayan kasuwar Bukkuyum, kuma kullum masu shayi suna dawo masa da kwantai, wanda ya kwana bai shiga ba har ya fara tauri. Da can ragunansa na turka ke cinyewa. Yanzu tun a ƙofa Inna take tare buhun.

"Inna, don girman Allah a sauke abin nan. Ana magana a gari."

"Su wa ke maganar?"

"Mutane."

"Mutanen sun aiko da gero?"

Halilu ya sosa ƙeya. Gidan a cike yake da mutanen Zugu. Tun da ɓarayin daji suka ƙone musu rumbuna, Tsoho, ɗan kawun Barakatu kuma taubashinta, ya iso da matarsa da matan 'ya'yansa da jikoki, kowa da ƙullin tsummansa. Buhun masarar gidan tuni ya kwanta.

"Baƙo ba a ba shi kwantai, Inna. Haka muka tashi muka tarar."

"Ni ma na tarar da abubuwa. Na tarar ana cewa ƙwai yana sa yaro sata, na dafa na ba ka. Ka taɓa sata?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba da abin da take yi. Duk wanda ya yi funfuna tana ware shi ta zubar. Mai kyau ta shanya sai ya bushe ƙarau, sannan ta yayyafa masa ruwa, ta zuba dakakken ƙuli-ƙuli da albasa da barkono da ɗan man gyaɗa, ta cakuɗa kamar yadda ake kwaɗon ƙanzo. Shi ƙanzon ma, in ji ta, mene ne in ba ƙonannen gindin tukunya ba, amma ga shi har alhazai suna aika a sayo musu. Yaran Zugu suna ci suna lasar yatsu. Babu wanda ya tambayi asalinsa.

Ladabin Halilu ne ya ɓata al'amarin. Abin ya tsaya masa a rai, sai ya shiga zaure bayan la'asar, ya tarar da Tsoho da akushi a gabansa, ya durƙusa.

"Kawu, na zo ba da haƙuri ne. Wallahi ba da son raina ake ba ku abin nan ba. Na raguna ne, Inna ce ta matsa."

Tsoho ya dubi lomar da ke hannunsa. Ya mayar da ita cikin akushin a hankali, ya jawo buta ya wanke hannu har gwiwa.

Da gari ya waye ya aika aka kira Sahabi ɗan kabu-kabu da abokan sana'arsa, ya ce mata su ɗaure kaya, Zugu za a koma. Matan suka shiga ɗauri suna sharar hawaye. Kowa ya san abin da ke kan hanyar nan, kowa ya san abin da ke ƙarshenta. Halilu ya ruga gidan burodi ya ɗebo mai zafi, yana turiri, ya jibge a gaban kawunsa.

"Mayar ka sayar, ɗana," in ji Tsoho, ko kallon burodin bai yi ba. "Ni manomi na. Ban zo in ƙwace ma dabbobinka abinci ba."

Barakatu ba ta roƙi kowa ba. Ta kwaɗa ƙanzon burodi cike da babban kwano, ta ɗebi busasshe a faifai, ta yafa mayafi ta fito. A bakin ƙofar zaure ta zauna, ta miƙe ƙafafunta suka tare hanya. Tsallaken titi, a gindin dogon yaro, majalisar unguwa ta cika, kuma rabin mazan da ke wurin ita ta koya musu riƙe fensir. Ta yi bisimilla da ƙarfi, ta kai loma.

Hira ta mutu a majalisar. Mace mai shekarunta, mai darajarta, tana cin abinci a kan titi! Wasu suka sunkuyar da kai, wani ya shiga gyaran hular da ba ta karkace ba.

"Naziru!" ta kira. "An ce kai ne mai labarin rufin kicin ɗina. Taso ka ɗanɗana, ka samu na ƙarawa. Ko ka manta lokacin da kake gurgurar ƙanzo daga aljihu ina kan allo?"

Aka fashe da dariya. Naziru ya taso yana sunne kai, ya tsuguna ya ɗiba, ya koma yana tauna.

Tsoho yana tsaye wajen baburan, an fara ɗaure ƙunshin farko. Ya tako da sandarsa.

"Ke Baraka, kin tsufa ba ki yi hankali ba. Mi kike yi bisa hanya?"

"Abincin raguna nake ci. Duba mini, na fara ƙaho?"

"Tashi mata su wuce."

"Ba inda za ni."

"Ni za a wulaƙanta? Ni da ko a shekarar fari ba a taɓa share gindin rumbuna ba? Ni da ka ciyar da..."

"Rumbunanka sun zama toka, Tsoho. Kai kaɗai ne labarin bai iske ba."

Sahabi ya saki igiyar da yake ja. Ko taubasantaka tana da iyaka, kuma kowa a wurin ya ji an taka ta. Muryar Barakatu ta sauka, amma ƙafafunta ba su motsa ba.

"In girmanka kake so ka kai wa mutanen daji, ga hanya nan. Amma yaran nan jinina ne ni ma. Duk mai fitar da su sai ya tsallake ni, garin nan yana kallo."

A bayanta, cikin duhun zaure, matan sun yi cirko-cirko da kaya a ka. Babu wadda za ta tsallake ƙafar tsohuwa, Tsoho ma ya sani.

Ya daɗe a tsaye. Can ya sunkuya, ya ɗauki busasshen yanki ɗaya daga faifan, ya juya shi, ya karya. Ya yi ƙas.

"Wanga abu, yana daɗewa bai lalace ba?"

"Sai ka gaji da ajiya."

"Ba a ɗora shi bisa wuta?"

"Ruwa kawai yake so. In babu ruwan ma, haƙori ya isa."

Tsoho ya dubi yankin da ke tafinsa. Da ya sake magana, kamar da kansa yake yi.

"Akwai waɗanda ba su fito ba. Ƙanena da samarinmu suna kwance cikin dawa suna gadin abin da ya rage. Ba su iya hura wuta, hayaƙi na tona su. Ɗanyen gero suka tamna."

Ya juya wajen Sahabi. "Sauke kayan mata. Ku sauran ku tafi, babur guda ya isa." Sannan ya nuna rufin kicin da sandarsa. "Ke kuma, tunda ba ku san darajar baƙo ba a gidan ga, a zuba mini na bisa kwanon can cikin buhu, in kawar muku da abin kunya."

"Kai fa?"

"Gero ya nuna, Baraka."

Wannan kam ta san ba ta da ƙafar tare shi.

Halilu da kansa ya hau tsani ya kwashe, har da na jiya da ke cikin kwando. Buhun ya cika amma ba nauyi, Sahabi ya ɗaure shi a gaban babur da hannu ɗaya. Tsoho ya tattare rigarsa zai hau, sai ya dawo. Ya tsuguna a gaban taubashiyarsa, ya sa hannu cikin kwanon, ya cika baki. Ya tauna a hankali, majalisa tana kallo.

"Ƙuli ya yi kaɗan," ya ce. "Tun kina yarinya rowa gare ki."

"In ka dawo ka kawo gyaɗar."

Babur ɗin ya bi ta gefen kasuwa ya karya kwana. Ana jin kukansa, ana ji, har ya gauraye da na sauran baburan gari. Matan suka sauke kaya suka koma ciki. Halilu ya matso ya rage murya.

"Inna, ki shigo haka nan. Ai an gama."

"Sai na cinye."

Ta ɗebi loma ta kai baki. Ta gyara zama a bakin ƙofar, ta ɗaga kai ta dubi mazan da ke tsallake, ta ci gaba da taunawa.