Eriyar da Ta Ƙara Tsawo

Kwana uku ke nan akwatin yana yi wa Abdulgafar gardama.

Ɗan ƙaramin akwati ne baƙi, zaune tsakanin rediyon da yake magana da shi da wayar eriya. Aikinsa ɗaya, ya daidaita su. A da, in Abdulgafar ya danna a kwamfuta, rediyon ya koma tashar da aka zaɓa da kansa, akwatin ya yi ƙas-ƙas sau biyu ya yi shiru, shi ke nan. Yanzu kuwa sai ya yi ta ƙara kamar ana zuba tsakuwa a kwano, allurar awo ta haura ta tsaya a kan ja.

Ya sa kwamfutar ta auna wayar. Ya sake sa ta. Amsar ba ta canza ba: wayar ta ƙara tsawo.

Da hannunsa ya yanke ta, kamu arba'in da biyu, ya ɗaura daga sandar ƙarfen da ke kan shagonsa zuwa bishiyar bedin gidan marigayi Malam Rabo. Da ɓarawon tagulla ne, raguwa za ta yi. Wanda ya ƙara mata, amfani yake yi da ita.

Wata na biyu ke nan da katse sabis a Faskari saboda 'yan bindigar daji. Salula ta zama tocila. Duk unguwar mutum ɗaya ne muryarsa ke fita gari, shi ne Abdulgafar mai gyaran rediyo, kuma ya san ana kallonsa. Lasisinsa mai hatimin Abuja na rataye a bango, amma ba shi ya hana a ƙwace kayan ba. Sharaɗin Harisu ne, shugaban 'yan sa-kan unguwar: zai shigo duk sa'ad da ya ga dama, ya duba abin da kwamfuta ta rubuta, wa aka kira, ƙarfe nawa.

Ya kuwa shigo, ba sallama, bindigarsa ƙirar gida a kafaɗa.

"Injiniya, yau da wane Bature aka gaisa?"

"Ba kowa. Ga shi nan, duba."

Harisu bai duba rubutun ba. Allurar ya tsura wa ido.

"Wannan abar kullum kwance nake ganinta. Mi ya tashe ta?"

"Tsuntsaye. Suna sauka kan wayar."

"Tsuntsaye." Harisu ya leƙa taga, ya daɗe yana kallon sama. Ko kurciya babu. "To, Allah ya kore su. Ka ji an kama wani da oba-oba, irin wadda 'yan daji ke magana da ita, a hanyar Sabuwa? Cikin buhun dawa ya sa ta. Mutum mai gemu, wallahi, kamar kai."

Ya yi dariya shi kaɗai, ya fita.

Abdulgafar ya jira sawunsa ya ɓace. Ya kashe rediyon, ya bi ta lungu, kansa a ɗage, yana bin wayar da ido. A can ƙarshenta, inda ganyen bedi ya rufe, ya gano shi: siririn zaren tagulla, irin na cikin tsohuwar fanka, an maƙala shi da lanƙwasa kamar ƙugiya. Ya sauko ta jikin reshen da ya leƙo lungu, ya tsallaka katanga, ya shige gidan Malam Rabo.

Namiji ɗaya ne ya rage a gidan. Lawwali, ɗan acaɓa. Ya san duk wata ɓarauniyar hanya daga nan zuwa Damari, kuma tun da ya jingine babur ba a san abin da yake ci ba. An taɓa cewa an gan shi da galan ɗin fetur bayan gari. An dai ce. Abdulgafar ya tuna yadda yaron yake tsayawa a ƙofar shago yana tambaya: wannan na kai wa ina, ana ji a daji? Shi kuma, sakarai, yana amsawa.

In Harisu ya ga zaren nan, Lawwali ba zai kwana a gida ba, kuma waɗanda ake tafiya da su a kan zargin infoma ba duka ke dawowa ba. In kuma Lawwali da gaske oba-oba ya jona, to da eriyar Abdulgafar ake shirya wa garin wuta.

Ya yi sallama a zaure. Lawwali ya fito da singileti, yana goge hannu.

"Baba Injiniya. Lafiya?"

"Mi ka jona wa eriyata?"

"Ni?"

"A'a, ni."

"Wallahi ban taɓa kayanka ba."

"Zaren ya shiga gidanku. Aljani ne ya ɗaura?"

Lawwali ya waiga cikin gida, ya dawo da ido. Waigen nan bai yi wa Abdulgafar ba.

"Harisu ne ya turo ka?" Lawwali ya tambaya a hankali. "Don kowa ya san a shagonka yake yini."

"Kai nake tambaya."

"Ni ma tambayarka nake, Baba. Mu dai ƙas-ƙas muke ji ta katanga. Wa ya san da wa kake magana?"

Suka tsaya, kowa na auna ɗan'uwansa. Sai aka ɗaga tabarmar ƙofa. Inna Mero ce, uwar Lawwali, ta lulluɓa da mayafi, salula a hannunta. An naɗe salular da zaren tagulla kamar layar yaro, sauran zaren na jan ƙasa a bayanta.

"Malam, bar yaron. Ni ce. Da gorar kaɗo mangwaro na maƙala."

"Inna, koma ciki."

"Rufe mani baki." Ta juyo ga Abdulgafar. "Mansura, ɗiyata, tana Damari. Watanta ya kama tun kafin a kashe sabis ɗin nan. Ban san ta sauka ba, ban san ba ta sauka ba. Hanya ba ta biyuwa. Na ce kai maganarka na fita ta wannan waya, to tawa ma ta bi bayan taka. Ai ba nauyi gare ta ba."

"Inna Mero, ba haka abin yake ba. Salula ba ta—"

"Yana yi." Ta miƙo hannu. A kan babban yatsanta da manuni akwai ɗigo-ɗigon ƙuna, farare, wasu sun fashe. "Kullum bayan la'asar yana cizona. Akwai magana a ciki. Ji ne dai ban yi ba tukuna."

Bayan la'asar yake kunna rediyon. Ƙunar ta gaske ce, ya san irinta, yana da tabonta a hannu. Wannan bai ƙirƙiru ba.

Amma salular ba irin ta tsofaffi ba ce. Babba ce, mai shafawa, da hoton babur a bayanta.

"Ta wa ce?"

"Tawa," in ji Lawwali. "Tata ta mutu."

"Ka ce ba ka sani ba."

"Na ce ban taɓa kayanka ba."

Wa ya warware fankar? Wa ya kankare bakin zaren har ya yi haske? Tsohuwa ba ta san ana kankarewa ba. Abdulgafar ya sake duban yatsun Inna Mero.

"Ba ni gorar," ya ce.

Ya hau turmi a bakin katanga daga waje. Ƙugiyar ta ƙi fita, sai da ya yi ta zungura. Da ta faɗo, ya fara naɗe zaren a hannu da sauri, yana janyo shi daga cikin gida. Lawwali ya tsinke shi daga can ciki. Bakin zaren ya tsallako katanga.

"Manyan tsuntsaye ne kau."

Harisu ne a bakin lungu, da mutum biyu, ɗaya ɗauke da tsani.

Abdulgafar bai sauko ba. Daga kan turmin yana hango tsakar gidan. Lawwali na tsaye a gindin bedi, bai motsa ba. Uwarsa na bayansa, ta ɓoye hannu cikin mayafi.

"Na wa ne?" in ji Harisu.

Kalma ɗaya za ta isa. Kuma ba ƙarya zai yi ba.

"Nawa ne."

"Naka."

"Ni na ƙara. Ina gwada wata tasha. Bai yi ba, shi ne nake cirewa."

"Ɗazu tsuntsaye, yanzu gwaji. In na dawo anjima mi za ka ce, Injiniya?" Harisu ya karɓi zaren, ya jujjuya shi, ya dubi katangar, ya dubi Abdulgafar. "Kwamfutarka ta rubuta wannan tashar?"

"Ban kai ga kira ba."

"Ba ka kai ba." Ya cusa zaren a aljihu. "Sharaɗi muka yi, ba a ɓoye mani komai. Kai, sauke wayar nan duka. Kai kuma nemo baro."

Suka kwashe rediyon, da baƙin akwatin, da kwamfutar. Wanda ya ɗauko ta ya fizge igiyar da ke haɗa ta da rediyon har bakin ya karye. Abdulgafar na kallo. Mutane sun taru a bakin titi, ba wanda ya matso. Mai shayin da suke gaisawa shekara goma ya sunkuyar da kai yana wanke kofin da ya riga ya wanke.

"Za su zauna a ofis har mu gane," in ji Harisu. "Kai ma kada ka yi nisa."

Baron ya yi gaba yana kuka. Abdulgafar ya juya zai shiga shago, ya ga Lawwali a ƙofar zaurensu. Ya jira ko yaron zai ce wani abu, ko da da ido ne.

Lawwali ya sa salular a aljihu, ya duba hagu da dama, ya bi lungun da ke fita bayan gari.