Ranar da Tijjani Ya Ƙi Ciniki

Tijjani mutum ne mai son ciniki, wannan ba a ja. Shekara tara ke nan yana tsare da wata 'yar baƙala, wato kantin kayan masarufi, a unguwar Ka'akiyya ta Makka, tun zuwansa daga Chadi, kuma da wuya mai saye ya fita hannu rabbana. In ka zo neman madara babu, sai ya lallaɓe ka ka tafi da nono.

Cikin kayan da yake sayarwa har da katin wasan waya, wanda na'ura ke buga lambarsa a 'yar takarda. Samari ne masu sayensa. Shi ya sa ranar da Baba Abdulganiyyu ya dogaro sandarsa ya ce a ba shi guda, sai da Tijjani ya ɗaga kai.

"Na jikana ne," in ji tsohon, yana kallon gwangwanayen wake.

A Makka aka haifi Baba Abdulganiyyu, kakansa ne ya zo da ƙafa daga Katsina. Shekara talatin yana tuƙa motar alhazai tsakanin Mina da Arfa, har gwiwa ta ce ta gaji. In ya tarar da matasa suna karta a bakin layi, sai ya tsaya ya yi musu wa'azi har su tattara.

Wasa-wasa katin mako ya koma na kullum, na kullum ya koma bayan azahar da bayan la'asar. Wata safiya Ruƙayya, 'yar tsohon, ta tsaya sayen burodi a hanyarta ta zuwa aiki. Tijjani ya ce, "A gaishe min da yaron nan naki mai cinye kati."

"Wane yaro? Ni 'ya'yana mata ne, babbar ma shekararta huɗu."

Tijjani ya duƙa yana neman leda. "Afuwan, da wata na haɗa ki."

Bayan azahar sai ga Baba. Tijjani ya gyara murya ya ce na'ura ta lalace.

"Ta lalace? Ga fitilarta nan kore shar."

"Haka take yi in ciwon ya yi tsanani."

Tsohon ya dube shi, ya dubi na'urar, ya juya. Ta gilashin ƙofa Tijjani ya gan shi ya tsallaka titi a hankali, ya shiga shagon Rakan mai sayar da wayoyi, ya fito da 'yar takarda a hannu. Abin ya tsaya wa Tijjani a rai. Ga ƙarya ya yi, ga ciniki ya rasa, ga tsoho ya tsallaka titi da ciwon gwiwa a banza.

Washegari ya dafa shayi da na'ana'a, ya fito da kujera ya ajiye kusa da firji inda ya fi sanyi. Da Baba ya shigo ya ce, "Ku zauna, Baba. Na'ura lafiyarta lau, ni ne ban da lafiya jiya. Ku nuna min wasan nan."

Tsohon ya yi kamar zai musa, sai kuma ya zaro wayar. Akwatuna ne jere masu walƙiya. Ka biya, ka taɓa guda, ya yi ta girgiza da kiɗa, sannan ya buɗe.

"Wannan ba caca ba ce," ya riga Tijjani. "Caca da karta ake yin ta, da mutanen banza. Wannan akwati kawai kake buɗewa."

"Me ake nema a ciki?"

"Shaho na zinariya."

"Kun same shi?"

"Shekaranjiya saura ƙiris. Sai da fiffikensa ya leƙo."

"To in kun same shi, a ina za ku ɗaure shi?"

Baba ya dubi wayar. Can sai dariya ta ƙwace masa, har shayi ya ɗiga a tobinsa, doguwar rigar nan tasa. Da dariyar ta lafa ya shiga murza gwiwa. Ya ce gidan ne ya yi masa faɗi. Ruƙayya da mijinta suna wurin aiki, yara suna makarantar raino, abokan tuƙinsa wasu sun rasu, wasu sun koma Jidda. Wayar ce kaɗai ke nemansa, tana ce masa gwarzo. Man zafin gwiwarsa ma ya ƙare tun makon jiya, kullum sai ya fito sayensa ƙafa ta kawo shi nan.

"Baba, ni dai ba zan ƙara sayar muku ba. Na kuma roƙi Rakan kada ya sayar muku."

"Ka tona min asiri a gari?"

"Cewa na yi likita ya hana ku kallon waya."

"Ashe ba ka warke daga ciwon ƙaryar ba," in ji tsohon. Ya miƙe, ya bar rabin shayin.

Tijjani ya bi shi har ƙofa. "Ku gaya wa Ruƙayya da bakinku. Ni ba za ta ji daga gare ni ba."

Kwana uku ba a ga Baba ba. Tijjani ya yi ta leƙen titi, har ya ba wata mata sabulu a maimakon cuku. A rana ta huɗu sai ga tsohon tare da 'yarsa, yana rungume da wani tsohon akwatin katako.

"Halas, ya Tijjani, magana ta ƙare," in ji Ruƙayya, da Hausarta mai gauraye da Larabci. "Ya faɗa min. Shi da kansa ya goge wasan, ni kuma na sa wa wayar lambar sirri, ba a sayen komai sai da ni. Amma ya ce tunda kai ka kore masa shaho, kai za ka riƙa zama da shi."

Baba ya zazzage akwatin a kan firjin askirim. 'Ya'yan domino ne, sun yi jawur don tsufa, irin waɗanda direbobi ke bugawa in suna jiran alhazai.

"Ba a sa ko sisi," ya ce. "Wanda aka ci shi ke dafa shayi."

Tijjani ne ya yi ta dafa shayi har wata ya ƙare. Daga baya Rakan ya fara tsallakowa, sai wani tela ɗan Damagaram, har kujeru suka zama huɗu. Ba a ce abin ya saki Baba gaba ɗaya ba. Wani lokaci yakan tsaya gaban na'urar ya ce tafin hannunsa na ƙaiƙayi. Sai Tijjani ya miƙa masa kwalin gwangwanaye ya ce a jera. Yakan jera yana mita, ya ce duk Ka'akiyya ba a taɓa sa ɗan shekara saba'in aiki ba albashi ba sai a wannan shago.

Ruƙayya kuwa sabon kuka ta samu. Abincin rana sai ya huce kafin ta samu mahaifinta ya amsa waya, in ya amsa kuma ya ce ta yi haƙuri, hannu ɗaya ya rage ya gama da tela.